Sikeli da Kunne

A Garwa, bayan tashar manyan motoci,
inda iskar Binuwai ke zuwa da ƙarnin kifi,
nan na kafa sikelina shekara goma sha tara.

Yara na turo mini kaya a amalanke,
murfin tukunya, ƙafar gado, sarƙar keke,
ƙusa, da kwanon da guguwa ta yaye.
Ni duk ƙarfe nake ce musu.
In ɗora, allura ta karkata, in ƙirga sefa.
Ban taɓa tambayar asalin ko ɗaya ba, balle in lura.

Ran Talata Haladu kan zo,
tsoho mai tabon wuta har gwiwar hannu,
da guntun magagari a aljihun 'yar shara.

Ba ya kallon sikeli.
Sai ya tsuguna a gindin tulin,
ya zaro ɗaya, ya ƙwanƙwasa da dutse, ya kai kunne.
Wannan ya ce ƙwaf, ya yi gum, sai ya jefar.
Wancan ya ce tiiin, ya ja dogon numfashi,
sai ya yi murmushi kamar an aiko gaishe shi daga maƙera.

Na ce, Baba, kilo dai kilo ne.
Ya ce, Sallau, jaki dabba ne, raƙumi ma dabba.
Ƙarfe sunan dangi ne, gida ne mai ɗakuna.
Ga dalma, mai nauyin jiki, farce ma yakan yi rubutu a kanta.
Ga jan gaci ɗan ado, ga sanholo na tukunya.
Ga baƙin ƙarfe mai haƙuri,
ka lanƙwasa shi, ya zauna inda ka bar shi.
Sai ya ɗaga ɓallin sifirin wata tsohuwar tirela:
wannan kuwa tama ce, ta sha gawayi tun a ciki,
ka lanƙwasa ta dawo, ka wasa ta riƙe baki.
Ita ake ba mahauci da wanzami da mai sara.

Na bi shi rannan, da niyyar in ƙaryata shi.
Jikansa Ɗanliti ya kama zuga-zugi yana hamma.
Guda biyu suka shiga wuta har suka yi jan gauta,
aka tsoma su a kasko, ruwa ya yi tsaki.
Na farko, magagari ya ci shi kamar dafaffen rogo.
Na biyu, magagari ya zame a kansa yana ƙara.

Ya ce, kada ka yi saurin yabo.
A haka in ta faɗi, fashewa za ta yi kamar tangaran.
Sai an mai da ita wuta kaɗan, a lallashe ta,
har bakinta ya ɗauki launin busasshen kara.

Na koma rumfata ban ce komai ba.
Farashi bai canza ba, kilo na nan kilo.

Damina biyu ke nan Talata na zuwa ita kaɗai,
ni ma na daina jira.

Jiya sai ga Ɗanliti da amalanke,
yana haɗa kuɗin babur, zai shiga haya.
A ciki awartaki biyu, da kurfi,
da masaba mai ƙotar da gumin tafi ya mayar santsi,
da guntun magagarin nan.
Na ɗora. Allura ta ce goma sha ɗaya,
ta tsaya, ko ƙwayar gero ba ta ƙara.

Na biya shi. Da ya ba da baya
na ɗauki masabar, na nemi dutse,
na ƙwanƙwasa, na kai kunne.
Har mai shayi ya tambaye ni ko lafiya.

Da la'asar motar Duwala ta zo lodi.
Na ce su kwashe tulin duka,
su bar mini wannan saura.