Jan Biro

Ƙarfe tara na dare a Valparaíso,
hazo ya taso daga teku ya lulluɓe tashar jirage.
Ofishinmu ɗaki biyu ne a saman shagon mai gyaran agogo.
Kofi ya huce, injin buga takarda yana tari.
Herminia Sandoval ta tuɓe takalmi,
ta ɗora labarina a cinya, ta zare murfin jan biro da haƙori.

Wata bakwai na yi ina bin igiyar ƙarfe,
wadda ke jan keken hawa tudu zuwa unguwarmu,
wadda aka ce an sabunta, aka biya, aka yanka ƙyalle, aka tafa.
Ga ta nan da tsohuwar tsatsarta, an dai shafe ta da baƙin mai.

A layin farko ta tsaya.
"Ɓarawo," ta karanta, kamar mai ɗanɗana gishirin miya.
"Wa ya yanke masa hukunci? Ke?
Alƙali ba ruwansa da abin da zuciyarki ta sani,
abin da ke cikin jakarki zai tambaya."
Na ce ai kowa a tudun nan ya sani.
Ta ce, "Kira mini Kowa, ya zo ya rantse."

Sai na zazzage jakar.
Rasit biyu masu lamba ɗaya.
Takardar kwangila, shafi na sha huɗu.
Hoton igiyar, da kwanan wata a gefensa.
Muryar da na naɗa.
"Ya san kina naɗa?" Ya sani.
"A ina ya ce ya yarda?" Minti na biyu.
"Kunna in ji."

Inda na rubuta "ya cinye", ta mayar "an biya kamfaninsa".
Inda na rubuta "babu shakka", ta ja layi, ba ta sa komai ba.
Jimlolina suka rame kamar masu tashi daga jinya,
amma da ta sake su, ba wadda ta nemi sanda.

Sannan ta iso wurin da na fi so,
inda makanike mai yatsu tara ke shafa igiyar
kamar uba yana taɓa goshin ɗa mai zazzaɓi.
Ta daɗe ba ta ce uffan ba.
"Makanikai nawa ne masu yatsu tara a garin nan?"
Na tuna 'yarsa da ke aji uku, da kuɗin hayar da ake bin sa.
Da hannuna na karɓi biron.
Na mayar masa da yatsansa, na ɗauke masa sana'a,
ya zama "wani da ya ga aikin".

"Shi mai kwangilar fa, an ji ta bakinsa?
Aika masa yau. Ba shi zuwa Alhamis."
Tambaya goma sha ɗaya na aika.
Kwana uku ina barci da ido ɗaya, kar wata jarida ta riga mu.
Amsarsa ta zo layi guda, ta hannun lauyoyi uku,
muka sa ta yadda take,
har da waƙafin da ya faɗa inda ba wurinsa ba.

"Ban iya hana a kai ki ƙara ba,"
in ji ta, tana laluben takalmi a ƙarƙashin tebur.
"Mai kuɗi in ya ga dama zai kai.
Baki shi ke yanka wuya; ni wuyan aka ɗauke ni in tsare."

Juma'a da asuba jarida ta fito.
Na ƙi hawa keken, na bi matakala, ɗari da sittin da uku.
A tsakiyar hawa wata tsohuwa ta sauke kwandon kifi tana haki,
shafinmu a hannunta, tana bin lambobin rasit da farce.
Ta kai ƙarshe, ta ninke, ta tofar da yawu gefe,
ta faɗi kalmar da Herminia ta soke,
da ƙarfi,
har tsuntsayen teku suka watse daga kan rufin kwano.