Sikelin Albasa

Sikelin likita ya tsaya a ɗari da ashirin,
allurarsa ta jingina, ta ce ba da ita ba.
Sai na koma rumbun Alhaji Nomau, bakin tasha,
inda muke auna buhunan da za su Abijan,
na jira ƴan dako suka tafi salla,
na hau.
Ɗari da talatin da huɗu.
Buhun Galmi guda, har da gyara.

A Tawa ba a rasa mai fassara.
Wasu su ce, Arzika, arziki ne ya zauna.
Hajo matata ta ce kwaɗayi, mabuɗin wahala.
Yaran Bilbis su ce ga randa tana tafiya.
Ni dai abin da na sani, ƙarfe biyun dare
wani yana ƙwanƙwasa mini daga ciki
kamar mai bin bashi da ya san ina gida.

Lokotoro Barmu, siriri kamar karan gero,
ya juya takardar magani, ya zana tumbi a bayanta.
Ya ce jiki na da ƴan aike, cikin jini suke tafiya.
Ɗaya girelin, ɗan tumbi:
in ciki ya yi wofi sai ya ruga ƙwaƙwalwa
ya ce a aza tukunya.
Ɗayan lebtin, kitse ke aiko shi,
saƙonsa kalma biyu ne: ya isa.

Na ce, to nawa lebtin ɗin ya mutu a hanya.
Ya yi dariya. Ya ce naka sun fi na kowa yawa,
kitse da yawa, ƴan aike da yawa,
sun cika ƙofa suna ta sallama
har mai gida ya daina ji.
Kamar wanda ɗakinsa ke jikin injin niƙa,
baƙo ya toshe kunne, shi ko barcinsa yake.

Ya tambaye ni barci.
Shekara goma sha ɗaya ina gadin rumbu,
shayi uku, rediyo, tocila,
mai tsire na ƙetaren kwalta ya san takuna.
Ya ce ido in bai rufu ba, ɗan tumbi ƙara murya yake.
Ya tambaye ni ko na taɓa ragewa.
Na ce bara, wata biyu, kunu da ganye,
kilo tara suka tafi,
suka komo da ƙannensu uku.
Ya ce haka ne. Jiki bai san niyyarka ba,
fari yake zato, sai ya ƙara masu kira.

Fari.
Nan na yi shiru.
Ban gaya masa shekarar da inna ke jiƙa anza ba,
kwana uku tana zubar da ruwan ɗaci,
mu biyar a ƙwarya ɗaya,
ina ƙirga lomar yayana.
Ban sani ba ko yaron nan ne ke ƙwanƙwasawa.
Takardar lokotoro ba ta da wurin zana shi.

Na roƙi Alhaji, ya maido ni aikin rana.
Ina auna buhu, ina rubuta lamba.
Wake da safe, shi ya fi riƙe ni.
Hajo ta sauya mini kwano da ƙarami,
ba ta ƙara cewa kwaɗayi ba,
ba ta kuma janye ba.
In na ci rabi sai in ɗauke hannu,
in jira kamar mai jiran motar Ƙwanni,
ko saƙon zai iso.
Wata rana yakan iso, can ƙasa-ƙasa.
Wata rana babu,
in suɗe kwano, in leƙa tukunya.

Da la'asar ina zaga tabkin Babaye da ƙafa,
gwiwoyi suna mini tsaki.
Jiya na sake hawa sikelin.
Ɗari da talatin da ɗaya.
Wani ɗan dako ya leƙo, ya ce,
wannan buhun, wace mota?
Na ce ba shi zuwa Abijan.
Nan zai kwana, kuma da wuri.