Mai Sauya Kwaɗo a Solapur

Ni ne na ƙarshe a layi, da jakar ƙarfe a kafaɗa,
bayan ɗan sanda, bayan magatakarda,
bayan Madam Deshmane ta banki
mai rungume da fayil kamar jaririn wata.
Aikina kaɗan ne:
in cire kwaɗon mai wuri, in rataya na banki.
Rupi ɗari uku, da shayi in an tuna.

Yau unguwar masaƙa muka shiga.
Narsayya ya ci bashi shekara shida baya,
ya sayi injin saƙa takwas,
ya ba da takardar rumfarsa jingina.
Tawul ya yi kasuwa, har ya ɗauki yara aiki.
Sai zare ya yi tsada,
dillalin Mumbai ya kwashi kaya, ya daina ɗaga waya.

Aka manna masa takarda a ƙofa: kwana sittin.
Damina ta wanke tawadar tas,
amma kwana sittin ba ya jiƙewa.

Madam ta karanta umarnin majistare da muryar mai mura.
Ta ce, kuɗin nan ba na banki kaɗai ba ne,
ajiyar direbobi ne, fanshon tsofaffin malamai.
Gaskiya ta faɗa. Ba wanda ya musa.
Gaskiyar dai ta tsaya a bakin ƙofa da takalminta.

Na durƙusa na kama kwaɗon, sai hannuna ya gane shi.
Ni na saka shi.
Ranar buɗe rumfar, an fasa kwakwa a dokin ƙofa,
an rataya furanni ruwan ɗorawa,
Lingavva, matarsa, ta cika min tafi da alewa.
Na zaro guduma. Narsayya ya ce, bari,
kada ka lalata aikinka.
Ya kwance makullin daga zaren ƙugunsa,
ya miƙo min shi da ɗuminsa.

Magatakarda na ƙirga, yana rubutawa:
inji takwas, fanka biyu, sikeli ɗaya,
tawul shuɗi rabin saƙa, yana kan inji na uku.
Narsayya ya roƙi minti goma ya ƙarasa shi.
An riga an yanke wuta.
Hoton mahaifinsa kawai aka bari ya cire,
shi ba ya cikin jingina.
Inda ya rataya, bango ya fi ko'ina haske.

Na danna sabon kwaɗo.
Aka naɗe shi da farin ƙyalle,
aka ɗiga jan kaki, aka buga hatimi.
Wata mai zuwa gwanjo,
jarida za ta buga girman rumfar ƙafa-ƙafa,
ba za ta buga ƙarar injin da asuba ba.

Maƙwabta sun leƙo ta taga, sun mai da kai.
Ba dariya, ba tsaki.
Bashi hanji ne, kowa ya dafa cikinsa.

Na karɓi ɗari ukuna, na hau babur.
Shi ma na banki ne, wata biyu ban biya ba.
Da na isa lungunmu na rage gudu,
na haska ƙofata tun daga nesa,
ina duba ko an manna wani abu fari.