Wai

Ƙarfe huɗu na asuba na tayar da mota,
kofi na huci a gefe, gilashi ya yi raɓa.
Daga Pinch Hollow zuwa babban birnin jiha
awa uku ne, in ƙanƙara ba ta rufe hanya ba.
Ni ce Lorna Tackett. Shekara ashirin da biyu
ina koya wa 'ya'yan masu haƙar kwal
abin da ke sa ruwa tafasa,
da abin da ke sa duniya zazzaɓi.

Minti biyu suka ba ni.
Akwai 'yar fitila kusa da abin magana,
kore ki fara, ja ki kama bakinki.

A baranda na gamu da shi,
Brent Halvorsen, takalmi kamar an lashe.
Ba akwatin zaɓen da ya taɓa jin sunansa,
amma ya san sunan karen kowane sanata,
ya san wanda 'yarsa ke neman gurbin jami'a,
da wanda ke son gasasshen namansa da sauran jini.
Shi ya riƙe mini ƙofa.
Har ya ce in kula, matakalar na da santsi.

Ƙudurin shafi goma sha ɗaya ne.
Ba su soke darasi ba, ai ba mahaukata ba ne.
A shafi na bakwai, layi na huɗu,
inda muka rubuta hayaƙi yana ɗumama ƙasa,
sai aka soka wata 'yar kalma a gaba:
wai.
Wai yana ɗumama ƙasa.
Harafi uku, ko tari ya fi su tsawo,
nawa aka biya kowane, ban sani ba.

Na tashi da littafin da yarana suka cika,
kowace safiya ɗaya ya leƙa taga
ya karanta ma'aunin zafi, ya rubuta, ya sa hannu.
Wasu masu hannun sun haifi masu hannun yanzu.
Na kai shekara ta tara fitila ta yi ja.
Sanata Crumley ya gode mini ƙwarai
idonsa na kan wayarsa.

Ba zan yi muku ƙarya ba,
madubin ganin ƙwayoyin cuta goma sha biyu da ke ajina
duk da tambarin kamfanin a gindinsu.
Rufin ɗakin wasanni su suka yi.
Ƙanena Dwight albashinsu yake ci,
da shi ya sai wa mahaifinmu tukunyar iskar numfashi
bayan ƙurar raminsu ta cinye masa huhu.
In baki ya ci, ido kan ji kunya,
to garinmu kaf ya ci, har da ni.
Wanda ya karɓi ladan kuturu
ya san aikin da ke jiransa da aska.

Sha tara da sha huɗu aka tashi.
Na ji su suna gardamar inda za a ci abincin rana.

Washegari Tamsin Sizemore, mai zama a layin baya,
wadda ba ta magana sai ta zama dole,
ta ɗaga hannu: Malama, a jarrabawa
da wai za mu rubuta, ko babu wai?

Na dubi allo, na dubi alli.
Ta taga rafin nan na gangarowa ruwan tsatsa,
kifi ya bar shi tun ina budurwa,
kuma ruwa ba ya tsami banza.

Na ce, Tamsin, yau layin wa ne?
Ta ce nata.
Na ce, to sa rigar sanyinki ki fita,
ki tsaya daidai, ido da ido da jan layin,
kar ki huro masa numfashi, kar ki taɓa shi.
Abin da ya ce miki shi za ki rubuta.

Ta daɗe a waje.
Ta dawo hanci ja, ta ja littafin,
ta rubuta lamba, ta sa hannu ƙarƙashin na uwarta.
Na leƙa ta kafaɗarta.
Ba ta bar wurin wata kalma a gaba ba.