Ƙarfe Huɗu da Rabi

Mardiyya sunanta, haka aka maƙala mata a kafaɗa.
Ta jawo littafi, ta cire murfin biro da haƙori.
"Motar filin jirgi? Zuwa yaushe, Yallaɓai?"
Na ce gobe, huɗu da rabi, kafin assalatu.

"Mutum nawa?"
Na ce ɗaya.
Ranar tafiyata ta fari, shekara ashirin ke nan,
mu goma sha ɗaya muka cusu a bas ɗin Kawu Ilu,
Inna rungume da ƙullin dambun nama,
Baba a gaba, yana nuna wa direba
hanyar da direban ya fi shi sani.
Ban gaya mata ba.
Layin littafin siriri ne, lamba kawai yake ci.

"Kaya fa?"
Akwati guda, da jakar hannu,
sai agogon bango naɗe a tsohon zane.
Ya tsaya tun bara.
Shi kaɗai ne ba wanda ya yi jayayya a kansa.

"A nan otal za a ɗauke ka?"
To, a ina kuma?
Gidan Fagge jiya muka sa hannu,
mu shida, gaban dillali da shaidu biyu.
Kowa ya sunkuya kan wayarsa har kuɗi suka shigo,
aka shafa fatiha,
aka watse kamar 'yan kallon dambe bayan an yi kisa.

"Dubu ashirin da biyar."
Nan jinin Kanawa ya motsa, na taya sha biyar.
Ta yi murmushi, ta nuna takarda a bango.
Nan ba Kwari ba ce, ba a cewa albarka.
Na biya. Ta yago rasit, ta rubuta a baya:
Malam Shazali, mota ruwan toka, ga lambarsa,
ba ya latti.

Daren Bompai na kwana ina sauraron janareta,
a gadon da bai san nauyina ba.

Bai yi latti ba.
Huɗu da kwata yana bakin ƙofa, yana goge gilashi,
carbi na lilo a madubi,
motar na ƙamshin turare da ɓawon lemo.
Ya sa agogon a but kamar mai kwantar da jariri.

Na ce ko ma bi ta Fagge?
Ya dubi takarda, ya dubi titi.
"Ba ta cikin lissafi. Amma yanzu hanya tamu ce."

Mai shayi na hura wuta a bakin lungu.
Wani ladani ya gwada lasifika, ya yi tari, ya yi shiru.
Ga ƙofar, koriya, da tsagar da na yi mata da keke.
Har an jibge yashi a gabanta,
bulo sun yi sahu inda dakalin Baba yake.
Na ce kar ka tsaya.
Rage gudu kawai.

Ya rage. Sannan ya hau Titin Katsina,
muka yi ta faɗawa ramuka.

"Yallaɓai baƙo ne a garin nan?"
Na lalubi amsa a aljihu, rasit na taɓo.
Na ce eh.
"Ai sai ka dawo. Kano ba ta ganuwa a kwana uku."

A bakin shiga, 'yan dako na hamma,
ya sauke akwati, ya ɗauko ƙullin zanen,
sai ya tsaya, ya kara shi a kunne.
"Ka ce ba ya yi?
Ga shi yana tafiya. Ramuka ne suka tashe shi."

Na karɓa, na rungume, na bi layi.
Lokacin da yake bugawa ba na yau ba ne.
Ban gyara ba.