Hula Ɗaya, Ƙofa Arba'in

Ƙarfe biyun dare a Coventry,
ruwa na tsiyaya a jikin taga,
hita na tari kamar tsohon da ya ƙi barin taba.
Barira ta ture kwanon miyar kuka gefe,
ta buɗe kwamfuta a kan teburin,
ta ce, Kawu, zo ka ga abin da ya ɓoye ka.

Huluna nake sayarwa,
kube, damanga, tangaran,
ƙanena ke aiko su cikin buhu, suna ƙanshin sitaci.
Wata shida shagona na rataye a yanar gizo,
ko ƙuda bai sauka ba.

Ta ɗora yatsa a layin da ke saman allo:
sunan shago, sai alamar tambaya,
sai lamba, sai launi, sai girman kai,
sai wasu haruffa da ake ba kowane baƙo
kamar lambar layin asibiti,
kowa da tasa, gobe kuma wata.

Ta ce, injin bincike na da ɗan aike,
gizo-gizo ne, ba ya barci,
zare yake bi daga ƙofa zuwa ƙofa yana rubutawa.
Alamar tambaya ba ta ba shi tsoro,
ya iya karanta ta sarai.
Abin da ke sare masa gwiwa
shi ne ya ƙwanƙwasa ƙofa arba'in
ya tarar da hula ɗaya,
shuɗiyar nan mai zaren azurfa,
tana yi masa sannu da zuwa sau arba'in.
Lokacinsa a aune yake.
Sai ya karkaɗe ƙafafunsa ya yi gaba,
kayanka na ƙurya bai gani ba.
Shaidar da mutane suka yi maka kuma
ta tsattsage, kamar goro ɗaya a hannun taro.

Na yi shiru.
Shekara tara, ɗaki bakwai.
Saman shagon mai gyaran waya a titin Foleshill,
soron da ke yoyo a Hillfields,
falon wani ɗan Ghana da na kwana wata uku a kujerarsa.
Takardar asibiti ta je inda na bari,
ta banki ta koma inda ta fito,
wasiƙar Inna ta ƙarshe, wadda maƙwabci ya rubuta mata,
ta yi damina guda a ƙarƙashin tabarmar ƙofar wasu
kafin ta iso ni, bayan an yi sadakar arba'in.
Ni ma mutum ɗaya ne.
Ɗan aike ya gaji da nemana.

Barira ba ta duba fuskata ba, tana ta bugawa.
Ta zaɓi ƙofa guda ta raɗa mata suna
da kalmomin da ko yaro zai riƙe:
shago, hula, kube shuɗiya.
A sauran ta manna 'yar takarda:
asalin yana can, a bi ta can.
A tsofaffin ta rubuta, mun tashi, ba dawowa, ga sabon gida.
Ta ce, ado kawai ba ya magani, Kawu,
in ka sa wa rikici sabuwar riga
rikicin na nan a ciki yana numfashi.

Mako uku ban ji komai ba.
Ranar wata Talata, ina kan bas lamba ashirin,
waya ta yi tsuwa.
Wani Ilu daga Glasgow, girman kai ashirin da uku,
yana so kafin Juma'a.

Na naɗe hular a takarda mai laushi,
na rubuta adireshinsa da manyan baƙaƙe.
Da na juya bayan kwalin, wurin sunan mai aikawa,
biro ya tsaya a hannuna.
Hayar ɗakin nan za ta ƙare a Afrilu.
Na dai rubuta.