Saiwar Albasa

Kwana huɗu albasa na zaune a bakin kofi
a tagar ajinmu ta yamma,
gindinta na taɓa ruwa, kanta na kallon Tawa.
Ran Laraba ta tsiro farin gemu.
Na sa reza na tsinke bakin saiwa guda,
bai kai ƙwayar gero ba,
na ɗiga masa shuɗi, na danne shi da gilashi,
na ce, ku taho ɗaya ɗaya, kar a ture mani tebur.

Madubi ɗaya gare mu, su sittin da uku.
Balkisa ta kanne ido ta leƙa,
ta ɗago: Mushe, ai gari ne!
Ɗaki jikin ɗaki, katanga ta jingina da katanga,
babu ko lungun da akuya za ta bi.

Na ce, sake dubawa.
Kowane ɗaki ƙwayar rai ce,
a tsakarta akwai zare a cukurkuɗe,
a jikin zaren aka rubuta yadda ake zama albasa:
yaji, da ɓawo, da hawayen mai yanka.
In lokacinta ya yi ba ta gaggawa.
Sai ta kwafe rubutun kaf, baƙi da wasali,
zaren ya yi kauri, ya jeru a tsakiya
kafaɗa da kafaɗa kamar sahun azahar,
wasu siraran igiyoyi su kama su ja,
rabi gabas, rabi yamma,
sannan a ta da bango a tsakani
ba magini, ba kwaɓa laka.
Ɗaya ta zama biyu.
Ba uwa, ba ɗiya. Ba wadda aka ƙwara.

Nan harshena ya yi nauyi.
Shekarar da Baba ya rasu
an kawo igiya garkarmu ta Tamaske,
mu bakwai muka tsaya, kowa na kallon ƙafarsa.
Fangali tara ne rabona.
Rijiya ta faɗa gefen Alkasum, rudu gefen Illo,
tun ranar ba mu sake sa hannu a akushi ɗaya ba.
Mu in mun raba sai abu ya ragu.
Ita wannan da ido ba ya gani
sai ta ninka kafin ta raba.

Daga bencin baya Salifu ya ɗaga yatsa,
shi da bai taɓa tambaya ba tun buɗe lakkwal:
To Mushe, yaushe suke dainawa?

Alli ya karye a hannuna.

Na ce, ka taɓa yankewa?
Fata na haihuwar fata daga gaɓa biyu,
in suka haɗu a tsaka sai su tsaya,
maƙwabciya ta ce wa maƙwabciya, ya isa.
Amma akan samu wadda ta kurumce.

Ban faɗa masu sauran ba:
motar dare zuwa Yamai, Baba kwance a cinyata,
likita ya ɗaga hoto ga fitila
ya zagaye wani farin abu a hanta da biro.
Ba maye, ba jifa, ba baƙo daga waje.
Naman jikinsa ne ya yi ta biyu, huɗu, takwas,
ya ƙi jin ya isa.

An kaɗa ƙarfe, suka watse,
mutum goma sha ɗaya ba su samu leƙawa ba.
Na goge gilashi, na ƙara wa kofi ruwa.
Sauran saiwoyin ba su san an yanke 'yar'uwarsu ba,
suna ta yin ƙasa, suna neman gindin kofi.

Lambar Alkasum na nan cikin wayata.
An ce bana albasarsa ta yi kai.